Dutsen da ba a yi wa hanya alama ba, ta ina ake kama shi?

Sani_Tawa
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san dutse. Mu huɗu ne a nan Tawa, muna shirin zuwa tudun Bagzan da ke duwatsun Abzin, a jihar Agadas, cikin Disamba in Allah ya yarda, muna son mu taka ƙololuwar Idukal-n-Taghes, tunda nan ne wuri mafi tsawo a Nijar, mita 2,022. An ce mana akwai turbar jakai har saman tudun, amma daga can zuwa ƙololuwa babu allo, babu fenti, babu komai. To yaya ake gane turba a inda ba a sa mata alama ba? In kuma ta ɓace wa mutum yana tsakiyar hawa, me zai yi? Ɗaya daga cikinmu ya ce GPS na waya ya wadatar.

Ba_Abzine_Agadas
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka nemi ja-gora daga mutanen wurin, a Tabelot ko a ƙauyukan da ke saman tudun. Wannan shi ne na farko, sauran duk ƙari ne. Ku fara gaida mai gari, ku faɗa masa inda za ku da ranar da za ku dawo, ku sanar da jandarmomi tun daga Agadas. A tawayen 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin arewa, ga kuma ƴan fashi a hanyoyin masu haƙar zinariya. Saboda haka direban kat-kat ɗinku ya zama ɗan yankin, kada ya saki sawun da motoci ke bi.

Injiniya_Yamai
Maganar Yaya Ba_Abzine gaskiya ce, amma ba ta amsa tambayar ba. Ko kana da ja-gora, ya kamata ka iya karanta ƙasa da kanka, don shi ma mutum ne, ƙafarsa na iya gocewa.

GPS yana aiki ko babu rezo, domin daga tauraron ɗan Adam yake karɓa. Abin da ba ya aiki shi ne taswirar, in ba ka sauke ta cikin waya tun a gari ba. Ka sa manhajar taswira irin OsmAnd ko Organic Maps, ka sauke taswirar Nijar, a OsmAnd kuma ka ƙara layukan tudu, wato layukan da ke nuna tsawon ƙasa a taswira. Sai dai ka sani waya tana gaya maka inda kake ne kawai, ba ta san inda ƙafa za ta iya bi ba. Bayanan tudun da yawancin manhajojin nan ke amfani da su sun samo asali ne daga awon da kumbon Amurka ya yi a Fabrairun 2000, kowane ɗigo yana wakiltar fili mai faɗin kimanin mita 30. Bangon dutse mai tsayin mita 10 zai iya shigewa tsakanin ɗigo biyu, taswira ta nuna maka gangare mai sauƙi, ka isa ka tarar da abin da ko akuya sai ta kewaye.

Dan_Keita
Sani, kahin ka tahi Bagzan hwara da duwatsun gida. Nan Adar, tsakanin Keita da Buza, duwatsunmu kai-daidai su ke: bisa shimhiɗe, ga baki marmara tsaye kamar katanga, ƙasa gare ta gangaren tsakuwa da manyan duwatsun da sunka ɓalle. In ka tasam ma dutsi kai tsaye, gangaren shina kai ka har gindin marmara, nan za ka tsaya kana kallonta. Abin da aka yi, tun daga nesa, kilomita guda ko biyu, ka tsaya ka bi bakin dutsin da ido. Inda ka ga ya yi giɓi, nan ruwa ya karya marmara, nan kuma makiyaya ka bi. Wanga darasi shi na za ka kai Bagzan: ana zaɓen hanya tun daga nesa, in ka shiga gindin dutsi ba ka ƙara ganin sihhwatai.

Malam_Labarin_Kasa
Abin da Dan_Keita ya faɗa daidai ne, sai dai jinsin dutsen ya bambanta. Na Adar da na Dogon Dutsi marmara ce a kan ƙasa mai laushi, tana marmashewa a hannu, kada ka rataya nauyinka a kanta. Na Abzin mafi yawansa dutse ne mai tauri irin wanda ake fasawa a yi kwalta da shi, wani wurin kuma baƙin dutsen aman wuta. Mai taurin nan in ya bushe yana riƙe takalmi sosai, amma da yashi ya ɗan zuba a kansa ya zama santsi.

Batun gane turba kuwa, ai ba a rasa alama, ba fenti ba ce kawai. Duwatsun sahara suna da wani baƙi-baƙin shafi da ya hau kansu cikin dubban shekaru. Inda ƙafa da kofato ke takawa shafin yana gogewa, sai ka ga duwatsun sun fi na gefe haske da sulɓi. Tsakuwar kan turba a danne take, ta gefe a sake. Ana ganin wannan bambanci da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugun ƙasa a karkace. Da tsakar rana komai fari fat, turba tana gabanka ba ka ganinta. Wani lokaci in ka durƙusa ka kalli ƙasa a kwance, layin zai fito.

Ba_Abzine_Agadas
To tunda kun ce sai an yi bayani, ga yadda ake rarrabe su, don turba iri uku ce a dutse kuma biyu daga ciki mayaudara ne.

Turbar jakai ita ake nema. Mutanen saman Bagzan manoma ne, suna sauko da albasa da tafarnuwa da dankalin turawa, su hau da shinkafa da sukari da shayi. Jaki da kaya ba ya hawa tsaye, saboda haka turbarsa tana karkacewa dama da hagu, faɗinta ya isa buhu biyu su wuce. Za ka ga kashin jaki, ɓawon albasa, zaren buhu maƙale a ƙaya, da wuraren da aka jera duwatsu aka yi mataki ko aka tokare gefen da ke zaftarewa. A inda hanya ta matse, duba jikin dutse daidai ƙugunka, za ka ga inda kaya suka goge shi. Duwatsu uku masu baƙin hayaƙi da tokar shayi suna nuna wurin hutu, kuma ba a hutawa sai a kan hanya.

Turbar awaki siririya ce, tana rabuwa kashi-kashi, tana zuwa inda ciyawa take sai ta mutu a can. Akuya ba ta da buƙatar ƙololuwa. Ta ragon dutse ta fi haɗari, don tana da kyau a ido, sai ta kai ka gefen bango ta ci gaba ta inda ɗan Adam ba ya iyawa.

Ta ukun ba turba ba ce ma, hanyar ruwa ce. Tana da fari da yashi mai laushi, shi ya sa baƙo ke ɗaukar ta turba. Ita kullum miƙe take daga sama zuwa ƙasa, ba ta ratsa gangare a karkace.

Bagobiri_Madawa
Ni dai abin da na sani, ruwa ba ya ɓata hanya. Ka bi ƙorama ka hau, ka bi ƙorama ka sauko, ƙarshenta dai za ta fitar da kai fili.

Injiniya_Yamai
Kai Bagobiri, da ganin wannan shawara an san a fadama aka haife ka. Za ta fitar da kai fili, amma ba lalle da ƙafafunka biyu ba. Ƙoramun Abzin cike suke da matakalar ruwa busassu, ruwa ya goge su sumul. Wanda ya ga magangarar ruwan Timiya ya san siffar. Kana saukowa ka tarar da tsalle na mita biyu, ka ce wannan ba komai, ka dira. Gaba kaɗan ka tarar da na mita goma sha biyar. Ƙasa ba hanya, na bayan kuma ba ka iya hawansa saboda santsi. Nan mutane ke maƙalewa. Ƙa'idar ita ce kada ka sauka abin da ba za ka iya sake hawa ba.

Bagobiri_Madawa
Bazabarme ya samu bakin koya wa ubangidansa dutse! To na ji. Amma a hawa fa? Ƙorama ai tana da inuwa, wani lokaci har da ruwa.

Malam_Labarin_Kasa
A ƙasa-ƙasa, inda take da faɗi, ana bin ta, turbar jakai ma sau da yawa ta nan take farawa. Abin lura shi ne wurin da turbar ke fita daga ƙoramar ta kama gefe. Nan aka fi yin kuskure, saboda tafiya cikin yashi tana da daɗi, ido yana gaba, sai a wuce mafitar. In ka ga ƙorama ta fara matsewa, manyan duwatsu sun toshe ta, kashin jaki kuma ya ƙare, to ka riga ka wuce, koma baya.

Sannan akwai wani lissafi da ya kamata Sani ya riƙe. Doron dutse, wato ƙashin bayansa, in kana hawa duk dorayen suna haɗuwa ne a sama, ko wanne ka bi ƙololuwa zai kai ka. In kana saukowa rabuwa suke yi. Ƙaramin kuskure a sama, taku goma zuwa hagu maimakon dama, zai sauke ka a wani kwari dabam, kilomitoci daga inda kuka bar kayanku. Ƙorama kuma akasin haka take: a hawa take rassa. Shi ya sa mafi yawan ɓata a saukowa ake yinsa, lokacin da an gaji, ruwa ya yi ƙasa, kowa yana ganin an gama aiki.

Hajiya_Infirmiya
Ƴaƴana, kuna ta maganar hanya, ba wanda ya ce ruwa. A sanyin Disamba mai hawa da kaya yana buƙatar kusan rabin lita kowace awa, da zafi ya kai lita guda. Tafiyar awa takwas ke nan lita 4 mafi ƙaranci ga mutum ɗaya, ban da na shayi da na dafuwa. Iskar hunturu busasshiya ce, zufa na bushewa kafin ka ji ta, sai mutum ya ɗauka bai rasa ruwa ba. Ku duba fitsari, in ya yi ja-ja kuma kaɗan, an makara da sha. Ku raba ruwan gora biyu ko uku, kada ya zama bido ɗaya wanda in ya fashe shi ke nan. Ku ɗauki ƙullin ruwan gishiri da sukari na farmasi. In babu, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ruwan da ke kwance a kwarmin dutse kada a sha shi haka nan, dabbobi na shiga. A tace da ƙyalle, a tafasa, ko a jefa ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs gwargwadon abin da aka rubuta a takardar, a jira minti 30.

Abdul_Lazare
Hajiya, batun tsawo fa? Na ji ana cewa iska na ƙaranci a sama har mutum ya suma.

Hajiya_Infirmiya
Wannan ciwo yawanci sai an haura mita 2,500 yake fara kama mutane, Bagzan bai kai nan ba. Za ku yi haki fiye da na Tawa, shi ke nan. Ciwon kai a can ƙishirwa ce ko rana. Abin tsoro sanyi ne. Kowace mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, tsakanin Agadas da ƙololuwar ke nan kusan digiri 10. Daren Disamba da Janairu a sama yana iya kai ruwa ga daskarewa. Ko kun yi niyyar dawowa a yini, kowa ya sa rigar sanyi da hula da cocila a jaka, don wanda ya gurɗe da la'asar a can zai kwana.

Kuma kada a cusa hannu a tsaguwar dutse ko ƙarƙashinsa ba a duba ba. Kunamun yankin Agadas suna kisa, musamman yara, ga kububuwa. In maciji ya sari mutum ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa.

Sani_Tawa
Allah ya saka da alheri Hajiya, na rubuta. Malam, mu koma kan ɓacewar turba. A ce muna bin ta lafiya, sai kawai muka ga babu. Mene ne mataki na farko?

Malam_Labarin_Kasa
Tsayawa. Da ka yi taku hamsin ba ka ga wata alama ba, kada ka ƙara. Zuciya za ta ce maka ci gaba, za ta fito a gaba, wannan ita ke nisanta mutum. Ku koma wurin da kuka ga alamar ƙarshe wadda ba ku da shakka a kanta. Mutum ɗaya ya tsaya a nan kada ya motsa, sauran su kewaya shi, mita 30, in ba a samu ba mita 50, ba tare da sun ɓace wa idonsa ba.

Mafi yawan lokaci abu biyu ne. Ko dai turbar ta yi kwana mai kaifi ta koma baya ta sama, ku kuma kuka miƙe, saboda waɗanda suka yi kuskuren kafin ku sun riga sun tattake wata gajeriyar turbar ƙarya a wurin. Don haka ku fara duba bayanku ta sama. Ko kuma ta hau falalen dutse inda sawu ba ya kamawa. A nan sai a bi gefen falalen a kewaya har a ga inda ta sake shiga ƙasa, galibi daidai inda take fuskanta kafin ta hau.

In an yi rabin awa ba a samu ba, a duba agogo da ruwa, a yi shawarar komawa.

Dan_Keita
Ku riƙa waiwaye. Dutsi ba kama guda garai ba ga mai hawa da mai sabkowa. Duk inda hanya ta rabu, ko kunka hito daga ƙorama, ko kunka hau bakin tudu, juya ka dubi inda ka hito, ka ɗauki hoto da waya. Bakin tudu shi ya hi muhimmanci: in kana bisa, baki duk iri guda na, giɓin da ka hawo ta cikinai ba ka ganinai sai ka zo dab. Tara duwatsu ukku huɗu nan, ka ɗora hwari bisa.

Ba_Abzine_Agadas
Wannan na tara duwatsu ban goyi baya ba, Dan_Keita. Mutanen wurin suna da nasu tarin da suke gane mashigi da rijiya da shi. In kowane baƙo ya ƙara nasa, har wanda ya ɓata ma ya tara a inda ya ɓata, gobe ba a san na gaskiya ba. In dole ne, a rushe shi wajen dawowa. Kuma ba kowane tari ne alamar hanya ba. Manyan nan masu faɗi, zagayayyu, kaburburan mutanen da ne tun kafin Musulunci, Abzin cike yake da su. Ba a hawa kansu, ba a ɗibar dutsensu. Alamar hanya ƙarama ce, an ɗora ta a kan wani babban dutse inda za a hango ta, kuma daga ita ya kamata ka hango ta gaba.

Akwai kuma masallacin matafiya, duwatsu jere a ƙasa da ɗan lanƙwasa a gaba. Yana nuna maka abu biyu: mutane na yada zango a nan, lanƙwasar kuma alƙibla ce, wato gabas da ɗan karkata arewa.

Injiniya_Yamai
A nan waya ta fi dutse amfani. Ku kunna rikodin sawu tun daga inda kuka bar mota, ku sa ɗigo a kowace mararraba da bakin tudun da Dan_Keita ya ambata. A fili kuskuren GPS kamar mita 5 ne, a cikin kwazazzabo yana ƙaruwa don bango na tare taurarin kuma yana mayar da siginar. Awon tsawo ya fi na wuri kuskure, ninki biyu ko uku. Waya biyu su yi rikodi, ta uku ta kasance a kashe a ajiye. Ku sa yanayin jirgin sama, don neman rezo a inda babu shi ne ke shanye batir. Bankin caji mai 10,000 mAh yana cika waya kamar sau biyu. Da dare a sa waya cikin riga, sanyi na kashe batir.

Wani abu da ke ɓatar da mutane: yadda ake rubuta lambobin wuri. 17.50 da 17°50' ba ɗaya ba ne. Na farko digiri 17 da rabi ne, na biyu digiri 17 da minti 50, tsakaninsu kusan kilomita 37. In wani ya turo muku lamba ku tambaye shi wace iri ce.

Ummi_Harobanda
Taswirar takarda fa, har yanzu ana samu?

Malam_Labarin_Kasa
Hukumar taswira ta ƙasa, IGNN, a Yamai take, can za a tambaya. Tsoffin taswirori masu ma'aunin 1/200,000 su ne suka rufe ƙasar. Santimita ɗaya a kansu kilomita 2 ce a ƙasa, tazarar layukan tudu a rubuce take a gefe, galibi mita 40. Suna da amfani wajen sanin manyan ƙoramu da sunayen wurare, amma ba za su nuna turbar ƙafa zuwa ƙololuwa ba. Tsarin awonsu ma ba irin na GPS ba ne, ana iya samun saɓanin mita ɗari ko fiye. Abin da ya fi su ga wannan aiki hoton sama ne na Google Earth: turbar jakai sau da yawa tana fitowa a matsayin siririn farin zare. A buga shi a takarda, a nuna wa ja-gora, ya faɗi sunan kowane kwari a rubuta a kai.

Busol kuwa, wato allurar da ke nuna arewa, a Nijar muna da sa'a, bambancin arewar allura da arewar taswira ƙanƙane ne, ga mai tafiyar ƙafa ba sai ya yi gyara ba. A dai nisanta ta da waya da wuƙa, kuma a kan baƙin dutsen aman wuta allura na iya karkacewa, sai a matsa gaba a sake aunawa. In babu busol, a Disamba rana ta kudu take bi, inuwarka da tsakar rana arewa take nunawa. Kada a yi amfani da wannan a watan Yuni, lokacin inuwar kudu take komawa.

Abdul_Lazare
Awa nawa za a ƙiyasta?

Injiniya_Yamai
Akwai tsohon lissafin wani ɗan Sikotland mai suna Naismith, tun 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Misali kilomita 8 da hawan mita 900, awa 3 da ƴan mintoci ke nan. Amma wannan na mai ƙarfi ne a kan hanya sananniya, babu hutu. Inda ake neman turba, ga duwatsu, a ƙara rabi, ya zama kusan awa 4 da minti 40. Saukowa a irin wannan ƙasa ba ta fi hawa sauri da yawa ba, don ana taka tsakuwa da hankali.

A Disamba a can rana na fitowa wajen 7 saura, ta faɗi wajen ƙarfe 6, duhu kuma ba ya jira, cikin rabin awa ya rufe. Ku tashi da an sallame asuba, ku yanke lokacin juyawa tun kafin ku tashi, misali ƙarfe 12, ko an kai ko ba a kai ba. Dutse yana da kawunan ƙarya: ka ga ƙololuwa, ka isa ka tarar da wata a bayanta. Kowace tana cewa saura kaɗan, ita ke cinye la'asar.

Dan_Keita
In agogo ya mutu, miƙa hannu ka jera yatsu tsakanin rana da inda za ta hwaɗi. Kowane yatsa kamar minti 15 na. Amma cikin kwari dutsi shina ɓoye rana tun da wuri.

Liman_Karami
Ƙarin bayani kan ruwan da Hajiya ta lissafa: kada a manta alwala. Matafiyin da ruwansa bai wuce na sha ba, shari'a ta ba shi taimama, kuma dutse na cikin abin da ake yi da shi. Kada kunya ta sa a ƙarar da ruwan sha. Sannan wasu duwatsu, a Adar da Arewa ma, mutanen wurin suna da wuraren da ba sa son baƙo ya taka. Ko ba ka yarda da dalilinsu ba, ƙasarsu ce, a tambaya kafin a hau.

Ummi_Harobanda
Ga ƴan Yamai masu son gwaji, tuddan nan uku na hayin kogi da ake kira Trois Sœurs irin na Adar ne, marmara a sama, tsakuwa a gangare. Suna da kyau wajen koyon saukowa, don tsakuwar marmara zagayayya ce, tana mirginawa ƙarƙashin ƙafa. A sauko a karkace, gajerun taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, diddige ya fara taɓa ƙasa. Kada a jeru wani a ƙarƙashin wani, in dutse ya kuɓuce a yi ihu "dutse!" nan take. A je da jama'a, a fara jin halin tsaron wurin kafin a fita.

Bagobiri_Madawa
Takalmi fa? Na ga mutanen can da fade suke hawa.

Ba_Abzine_Agadas
Ƙafarsu ta saba tun suna yara, taka ba ta saba ba. Ka sa rufaffe mai ƙasan roba mai zane, wanda ka riga ka yi makonni kana takawa, ya fi ƙafarka da ɗan kaɗan don kada yatsu su riƙa bugun gaba wajen gangara. Sabon takalmi bororo zai yi maka tun ranar farko. A yanke farce. Sanda ɗaya mai ƙarfi tana rage wa gwiwa aiki, amma inda ake kamawa da hannu a rataye ta a baya, a riƙa motsa gaɓa ɗaya ukun suna riƙe. Kafin ka ɗora nauyi a kan dutse buga shi da tafin hannu, in ya yi ƙarar holoƙo rabu da shi. In kun ji gunjin ƙudan zuma a tsaguwa ku kauce, ba da gudu ba.

Injiniya ya ce ja-gora ƙafarsa na iya gocewa. Haka ne. Amma shi ya san ramin da ke da ruwa bana da wanda ya ƙafe, ya san mashigin da ruwan Agusta ya zaftare, abin da hoton sama na shekarun baya ba zai nuna ba.

Injiniya_Yamai
Ban musa ba Yaya. Ni dai cewa nake kada su bi shi ido rufe. In hazo ya sauko ba a ganin mita ɗari biyu, rikodin sawun nan shi ma zai yi murna da shi.

Sani_Tawa
Mun gode ƙwarai. Abin da muka tsayar: Nuwamba za mu yi gwaji a wajen Keita, Dan_Keita sai mun neme ka. Saura tambaya ɗaya, a hau a sauko a yini ɗaya daga gindi, ko a kwana a saman tudun?

Ba_Abzine_Agadas
Ku kwana a sama. Yini ɗaya na hawa tudun, jakai su ɗauki ruwa da barguna, washegari ku nufi ƙololuwa da ƙaramar jaka. Tudun Bagzan faɗi gare shi, ya kai tafiyar kilomita gommai, isa bakinsa ba isa ƙololuwa ba ne.

Hajiya_Infirmiya
Ku bar wa wani a Agadas takarda mai sunayenku, mashigin da za ku bi, da ranar da in ba ku kira ba zai sanar da hukuma. Kowa ya rataya usur a wuya, ya fi murya kai nisa kuma ba ya busar da maƙogwaro. Ku yarda tun a ƙasa cewa busa uku a jere na nufin a zo.

Dan_Keita
Ku zaka ranar da ba kasuwa ba, in samo muku yaro makiyayi. Ku taho da wando mai kauri, ƙarangiya ta nuna.